Fartanya Ba Zagi Ba Ce

Yanzu duk wanda ya sha babbar riga ya tsaya gaban taro yana neman tafi, sai ka ji ya ce lokaci ya yi da za a raba talaka da "noman fartanya". Yadda yake furta kalmar, kai ka ce sunan wata cuta ce. Samari ma sun ɗauka, in za su kira mutum baƙauye sai su ce bai san komai ba sai fartanya. Mu da muka ga zaɓen 1959 mun san lokacin da jam'iyyar NPC ta su Sardauna ta yi alamarta da fartanya, NEPU ta Malam Aminu Kano ta riƙe tauraro. An yi adawa mai zafi, an yi ɗauri da duka, amma ban taɓa jin ɗan NEPU ya ce alamar abokan hamayyarsa abin kunya ce ba, don shi ma da ita yake ci da iyalinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a bakin yaran yanzu duk ƙarfen da aka sa wa ƙota fartanya ne. Ba su san sungumi ba, mai doguwar ƙota da ake saran shuka da shi a tsaye, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Ba su san garma ta huɗa ba, wadda sunanta ya bi zamani har aka samu garmar shanu, ko magirbi na sare karan gero da dawa. Ita fartanya ta firi ce da maimai. Basakkwace zai ce kalme, wasu su ce hauya, kuma a wajen Maraɗi har suna bambanta hauyar duƙe da ta tsaye, wadda ake turawa cikin jigawa ba tare da an sunkuya ba. Maƙeri ne ke ƙera ruwanta, masassaƙi ya fiƙe ƙota daga ƙirya ko marke. Manomin kirki ba ya karɓar ƙota sai ya gwada ta da tsawon hannunsa.

Laifin ya faro ne daga aji. Tun muna yara ake ce wa ɗalibi in bai yi karatu ba fartanya na jiransa a gida, wanda ya makara kuma a miƙa masa ita ya nome filin makaranta. An mai da ita bulala. To yaron da aka hora da abu, ta yaya zai girma ya so shi? Da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka ce kowane ma'aikaci ya yi ɗan lambu a bayan gidansa, na ga wani akawu, jikan sarkin noma guda, yana riƙe da fartanya bai san ta inda ake kama ta ba. Shagari ya zo da nasa shirin a 1980. Shirye-shirye sun wuce, raini ya zauna.

Kada a ce ina yi wa jikokina fatan wahala. Duƙe yana cin baya, kuma duk sa'ana da ya yi noma da gaske yau da sanda yake tashi. In tarakta za ta samu, a kawo ta. Sai dai mai 'yar gayauna da ya haɗa gero da wake da kuɓewa a kunya ɗaya, wace tarakta ce za ta shiga ta bambance masa su? Kuɗin hayarta ma ya fi ƙarfinsa.

Ga kuma tankin feshi da kowane saurayi ke goyawa yanzu, ba takunkumi, ba takalmi, ya fesa maganin ciyawa da safe, kafin azahar yana majalisa. Mai fartanya yana duba abin da zai sara. Ya ga lalo ya bar shi, ya ga tafasa ko gasaya ya tsallake, don ya san a watan da rumbu ya yi ƙasa su ne ke riƙe tukunya. Waɗanda suka sha farin 1973 sun san darajar ganyen da ba a shuka ba. Maganin feshi bai san miya ba, komai ƙonewa yake yi, kuma ba ya tara wa gero ƙasa a gindi.

Duk da rainin, babu gidan da ya rabu da ita. Da ita ake kwaɓa ƙasar yaɓe kafin damina, a buɗe kwata in ruwa ya tare, a gyara fangali a fadama, a tono rogo da dankali. Ranar da aka yi rasuwa a unguwa, masu cewa zamaninta ya wuce su ne ke bin gida-gida suna neman aron fartanya da diga, kuma sau da yawa tsoho ne ke nuna musu yadda ake daidaita gefen ramin.