Mawashin Ƙofar Zaurenmu

A ƙofar zauren gidanmu, cikin unguwar Tsohuwar Kasuwa a Potiskum, akwai wani dutse baƙi-baƙi da aka binne rabinsa a gindin darbejiya. Tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Tsakiyarsa ta lotsa kamar sirdin doki saboda shekara da shekarun da wuƙaƙe suka yi suna bi ta kansa. Mawashin Kawu ke nan, ƙanen mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi. Mahauci ne, ya gaji fawa wajen ubansa, kuma a iya sanina bai taɓa tafiya kwata da wuƙar da bai wasa da hannunsa a safiyar ranar ba.

Ana idar da sallar asuba zai tsuguna gaban dutsen, buta a damansa, wuƙaƙe jere a kan buhu a hagunsa. Daga cikin ɗaki nake jin ƙarar. Da fari takan fito da kaushi kamar ana jan tsintsiya a kan daɓe, sannu a hankali ta yi laushi, har ta koma kamar numfashin mai barci. Idan ta kai nan na san saura kaɗan ya ƙwala mini kira in ɗauko masa daro.

A lokacin Potiskum tana cikin jihar Borno, domin sai a watan Agustan 1991 aka yanke Yobe. Amma garin ya riga ya yi suna da abu biyu, shanu da manyan motoci. Ranar Laraba kara takan cika ta batse da dabbobi daga Nijar da Chadi da Kamaru da rugagen da ke kewaye da mu, ka ji Fulatanci da Barbarci da Bolanci da Karekare da Ngizim suna karo da Hausa wajen ciniki, da yamma kuma a yi ta lodin shanu zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Abin da na daɗe ban lura da shi ba shi ne yadda sana'o'in biyu suke haɗuwa a tafin hannun Kawu. Motar da ta gaji da jigilar shanu, idan sifirin ɗinta ya karye, ba a yar da shi. Maƙera suke saye, su sa a wuta, yaro na zuga musu, su buge shi a kan uwar maƙera har ya zama ruwan wuƙa, sannan su ba shi ruwa ya yi tauri. Duk wuƙaƙen Kawu daga nan suka fito. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi ya riƙe, sai dai ba ya shiri da laima. Ka bar shi da jini ko ruwa na ɗan lokaci, tsatsa ta hau shi. Shi ya sa kullum bayan aiki yakan wanke su, ya goge, ya shafa musu ɗan kitse kafin su koma kube.

Kowace wuƙa da irin bakin da yake yi mata. Ta yanka doguwa ce, ba ya yarda ko ƙaramin giɓi ya kwana a bakinta. Ta fiɗa gajera ce mai tumbi, domin ta bi tsakanin fata da nama ba tare da ta huda fatar ba. Fata mai huji kuɗinta faɗuwa yake wajen masu sayen da suke kai wa majeman Kano. Ta kilishi ita ce 'yar lelensa, siririya, yana kwantar da ita sosai a kan dutse, saboda da ita ake buɗe tsoka falle-falle har ka hango hasken rana ta cikinta. Adda kuwa, mai saran ƙashi, yana ɗaga bayanta sama ya yi mata baki mai kauri. Ya ce baki siriri yanka gare shi, amma da ya gamu da ƙashi sai ya ɓare.

Ina ɗan shekara goma ya fara zaunar da ni gaban dutsen. Ya miƙo mini wata tsohuwar wuƙar da aka daina fita da ita, ya zuba ruwa, ya ce, "Kwantar da ita. To, ɗaga bayanta har ƙaramin yatsanka ya shiga ƙarƙashi. Nan ne wurinta. Daga nan har ka gama, kada ta hau, kada ta sauka." Ya dafa hannuna da nasa muka tura tare, daga gindin wuƙa zuwa tsini, kamar muna son feƙe ɓawon dutsen. Har yau ina jin nauyin wannan hannu, tafinsa duk kanta, wuyan hannun kuma tamkar an kafe shi da ƙusa. Kafaɗa ce take tafiya, wuyan hannu yana wuri ɗaya.

Da ya sake ni sai komai ya wargaje. Idan na tura, bayan wuƙa ya ɗaga. Idan na jawo, ya faɗi. Na yi ta gurza har gumi ya keto mini, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya juya bakinta sama, ya kalle shi a hasken safiya, ya nuna mini wani siririn layi yana ƙyalli. "Ka ga wannan? Baki mai kaifi ba ya ƙyalli, ɗan nan. Ka ci ƙarfe da yawa, amma ka mulmule bakin." Sai ya karɓa, ya yi mata 'yan ja a gefe ɗaya, ya kama babban yatsana ya shafa shi a ɗaya gefen, daga baya zuwa baki. Na ji wani ɗan kaushi yana kama fatata. Shi ƙaiƙayi yake ce masa. Ya ce sai ka ji ƙaiƙayin nan tun daga gindi har tsini, sannan ka san dutse ya kai ga baki, sannan kake da izinin juya wuƙa. Wanda ya juya kafin ya ji shi, kafaɗar wuƙa kawai yake wasawa.

Jajibirin Babbar Sallah kuwa ƙofar gidanmu kasuwa take zama. Yara su yi layi, kowa da wuƙar gidansu naɗe cikin tsumma, wasu tun layyar bara ba a sake taɓa su ba. Kawu ba ya karɓar ko kwabo. Faɗansa ɗaya ne, da masu zuwa da safiyar Sallah bayan an sauko daga idi, ga rago a ɗaure yana kallo. Yakan ce musu ba a fafe gora ranar tafiya, sannan ya ja su bayan katanga inda dabbar ba za ta gani ba. Bai yi zurfi a karatu ba, amma ya riƙe hadisin nan na 17 a cikin Arba'una, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, inda aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa. A wurinsa washi ibada ce. Na taɓa ganin ya ƙwace wuƙa daga hannun wani magidanci da ke shirin yanka da ita a dakushe, ransa a ɓace, ya ce dabbar nan ba ta yi maka laifin komai ba.

Boko ta ɗauke ni daga gaban dutsen kafin hannuna ya faɗa. Na tafi makarantar kwana, daga nan aiki ya kai ni Kano, na yi iyali. Duk shekara idan layya ta matso sai in miƙa wuƙaƙen gidana ga masu injin washi. Cikin minti biyu an gama, tartsatsi na tashi, wani lokaci bakin wuƙar ya dawo da shuɗi-shuɗi. Wannan shuɗin alama ce ta cewa zafi ya kashe taurin da maƙeri ya ba ƙarfen, shi ya sa wuƙar takan yi kaifi yau, jibi ta dakushe. Na san haka, Kawu ya sha faɗa, amma ba ni da hannun da zan yi da kaina. Har Allah ya yi masa rasuwa ban taɓa wasa wuƙar da zan iya nuna masa ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

'Yan shekarun baya wani abokin aikina ya nuna mini wata 'yar na'urar washi, irin wadda kamfanin Lansky na Amurka ya yi suna da ita. Ba inji ba ce, ba ta son wuta. Wani matsi ne na ƙarfe da ake damƙe bayan wuƙa da shi a ɗaure da noti. A jikinsa akwai huji huɗu, an rubuta 17, 20, 25 da 30, wato digirin kwanciyar dutse a kan bakin wuƙa. Duwatsun 'yan sirara ne kamar yatsa, kowanne da tsinken ƙarfe a gindinsa mai kama da tsinken tsire. Ka zura tsinken a hujin da ka zaɓa, dutsen ba shi da ikon hawa ko sauka. Ina ganinta na gane abin da take yi: aikin wuyan hannun Kawu ne aka ɗora wa ƙarfe. Na sayi tawa a satin.

Na ɗauka da na'ura a hannu magana ta ƙare. Wuƙar farko da na gwada, ta girkin maiɗakina, ba ta yi ba, kuma dalilin shi ne wanda aka nuna mini ina ɗan shekara goma: na yi gaggawar sauya dutse kafin in ji ƙaiƙayi. Duwatsun suna da lamba, 70 da 120 masu kaushi, 280 matsakaici, 600 da 1000 masu laushi. Mai kaushi shi ne yake yin aikin, shi yake sassaƙa baki. Sauran goge sawunsa kawai suke yi. Idan ƙaiƙayi bai fito a dutsen farko ba, ko ka kwana kana shafa mai laushi ba za ka samu kaifi ba. Daga baya na koyi wata dabara da na so a ce Kawu ya gani. Ka shafa wa bakin wuƙa baƙin maka, ka ja dutse sau biyu ko uku, ka duba. Idan tawadar ta goge daga sama ta bar bakin da baƙi, dutsen ya kwanta da yawa, ka koma huji na sama. Idan bakin kaɗai ya goge, ya miƙe da yawa. Idan ta goge gaba ɗaya, ka dace da kwanciyar da wuƙar ta saba.

Sauran abubuwan hannu ne yake koya maka su. Lambar da ke jikin huji kusanto ce kawai, domin wuƙa mai faɗi tana nesanta bakinta daga matsi, kwanciyar dutse ta ƙaru. Saboda haka nake damƙe kowace wuƙa a wuri ɗaya kullum, har nakan sa ɗan alama. Doguwar wuƙa irin ta yanka sai an yi mata zama biyu, a wasa rabi, a matsar da matsin, a wasa sauran. Ana ɗiga ɗan mai a kan dutse don kada garin ƙarfe ya toshe shi. Ba a dannawa; nauyin dutsen da na yatsu biyu ya isa, kuma duk sauyin dutse sai hannu ya ƙara sauƙi. Abin da ka yi wa wannan gefe ka yi wa wancan. Wuƙar girki nakan ba ta 20, ta aikin tsakar gida 25, mai sara 30, 17 kuwa sai siririya irin ta kilishi. Wuƙaƙen silba na kanti suna da naci wajen sakin ƙaiƙayi, yakan lanƙwashe daga nan ya koma can. Maganinsa shi ne abin da wanzaman garinmu suke yi wa aska tun kafin a haife ni: a ja ta a kan fata, baya na gaba, baki na biye. Tsohon bel nake amfani da shi.

Ban ce na'urar ta kai Kawu ba. Abin da yake gamawa kafin shayi ya huce, ni sai na ɗaura, na kwance, na sauya duwatsu, rabin sa'a ta tafi. Mahaucin da ke tsakiyar fiɗa ba shi da wannan lokaci, kuma har gobe dutse da buta sun fi masa. Amma ga irina, wanda ya bar gida kafin hannunsa ya nuna, ta mayar mini da abin da na ɗauka ya wuce ni har abada. Layyar da na fara yanka ragona da wuƙar da na wasa da kaina, ja ɗaya na yi. Na daɗe tsaye a wurin ina yi wa Kawu addu'a.

Bara na je Potiskum hutun Sallah, na tafi da na'urar a jaka. Inna, matar Kawu, ta shiga ɗaki ta fito da wuƙarsa ta fiɗa, a cikin kubenta na da, ta ce, "Ungo, kai ka fi kowa tambayarta." Washi ya cinye ruwanta har ya rage kamar faɗin yatsu biyu da rabi, mariƙin ya yi santsi, inda babban yatsansa yake zama ya ɗan lotsa. Na zauna a zaure na damƙe ta a matsi, na shafa maka, na zura tsinke a hujin 20, na ja sau uku a hankali. Tawadar ta goge tas daga gindi har kusa da tsini. Na juya ɗaya gefen, haka nan. Mutumin da bai taɓa jin kalmar digiri ba, ya yi shekaru yana kwantar da ita wuri ɗaya, gefe da gefe.

Na kwance ta daga matsin, ban ƙara mata ko ja ɗaya ba. Na fita ƙofar gida. An yi wa wurin siminti, amma wanda ya yi aikin ya zagaye dutsen ya bar shi a inda yake. Wani jikan Kawu, ɗan shekara tara ko goma, yana tsaye yana kallona. Na ce ya ɗauko buta da tsohuwar wuƙar kicin. Da ya kawo na tsugunar da shi, na zuba ruwa a lotsawar dutsen, na ce ya ɗaga bayanta har ƙaramin yatsansa ya shiga. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, haka?" Na ce haka, na dafa hannunsa muka tura.