Shiga Da Sauƙi, Fita Sai An Yarda

Jama'a, mu marubuta mun sha ba ku labarin 'yan takari da aka kame a Jidda aka tiso ƙeyarsu gida. Ni kuwa wadda ta fi tsaya min a rai ita ce baiwar Allahn da aka hana dawowa.

A tsarin kafala, hukumar Saudiyya ta ɗaure baƙon ma'aikaci da bizar fita, ita kuma sai kafili ya yarda. An sassauta a 2021, amma ban da masu aikatau a gidaje. Ko uwarta ce ta rasu a Kano, sai dai ta yi kukanta a can, babu alƙalin da ya ji ta bakinta.

Wadda aka koro dai ta ga danginta. Allah Ya kyauta.