Haddar Numfashi a Bronx

A asibitocin Amurka akwai wasu ma'aikata da ba likitoci ba ne, ba kuma ma'aikatan jinya ba. Numfashin majiyyaci shi ne aikinsu. Su ke saita injin da ke yi wa mutum numfashi idan huhunsa ya gaza, su ke ba mai asma magani ta tururi, su ke zuƙe majinar da ta toshe maƙogwaro. Idan zuciyar wani ta tsaya aka yi shelar gaggawa, su ke tsayawa a saitin kansa suna matsa masa iska. A asibitocin da na sani a gida, likita da nas ne ke raba wannan aiki a tsakaninsu. A Amurka karatun aikin shekara biyu ne a yawancin kwalejoji, ban da darussan share fage na sassan jiki da lissafi da kimiyyar sinadarai. Na shiga a 2015, na fita a 2017. Ban taɓa shan wuya irin ta waɗannan shekaru ba, kuma duk da haka su nake kewa.

A lokacin muna zaune a Bronx, cikin birnin New York, da yara biyu ƙanana. Maigidana yana tuƙin tasi da dare, ni kuma ranakun Asabar da Lahadi ina kula da wata tsohuwa a gidanta. Wata Hajiya 'yar Kumasi da ke hawan da ke ƙasa da namu ita ke riƙe mini yaran idan ina makaranta. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Idan na matsa mata sai ta ce, “'Yata, ki gama karatun nan tukuna. Ranar da numfashina ya sarƙe, ke zan kira.”

Dokar makarantarmu ba ta da sassauci. Duk darasin da mutum ya gaza samun kashi 75 cikin ɗari, ya faɗi, kuma sai ya jira ajin baɗi kafin ya maimaita. Idan ya sake faɗuwa, ya yi sallama da karatun. Bayan kowane zango sai mu ga kujerun da babu kowa a kai sun ƙaru. Babban littafinmu shi ne na Egan, wanda aka fara bugawa a 1969 ake ta sabunta shi, shafukansa sun haura dubu. Ranar da na fara buɗe shi na ga jadawali da lissafi da sunayen magunguna, gabana ya faɗi.

Makarantar allo ce ta cece ni a zangon farko. Na ɗauko ƙaramin farin allon da yarana ke zane a kai. Bayan sallar asuba, kafin kowa ya motsa, sai in zauna a kan sallaya in rubuta abin da zan riƙe a ranar. Ma'aunin tsamin jini, 7.35 zuwa 7.45. Iskar kabon da ke cikin jini, 35 zuwa 45. Bikabonet, 22 zuwa 26. Oksijin, 80 zuwa 100. In yi ta biyawa da ƙarfi ina rangaji, in kife allon in kawo da ka, sai ya zauna sannan in goge in rubuta sabo. Ƙarshen mako kuma tilawa nake yi tun daga farko don kada tsohon karatu ya zube. Abin da bai shiga allo ba yana kan ƙananan katuna da na ɗaure da roba, ina jujjuya su a cikin jirgin ƙasa mai lamba 4. Har yau idan na ji ƙarar jirgin a kan gadar titin Jerome, lissafin tukunyar oksijin ne ke faɗo mini. Ƙaramar tukunya idan ta cika tana nuna 2200, a ninka da 0.28, a raba da yawan litar da ake ba majiyyaci a minti ɗaya. Mai shan lita 4 yana da minti 154 kafin iskar ta ƙare. Wanda zai raka majiyyaci ɗakin hoto dole ya san wannan kafin a tura gadon.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu huɗu muka haɗa kai tun zango na biyu: ni, da wata 'yar Filifin mai 'ya'ya uku, da wani ɗan Haiti da ya koyar da lissafi a ƙasarsu kafin ya zo, da wata yarinya 'yar Dominika da ba ta fi shekara 20 ba. Kowannenmu da harshen da yake mafarki da shi, kuma babu wanda Turanci ne na gidansu. A wani lungu na ɗakin karatu muke haɗuwa, idan an rufe mu koma shagon wankin kaya da ke kwana a buɗe. Ɗan Haiti shi ne mai warware lissafi, ba ya barin mutum sai ya faɗi dalilin kowace lamba. 'Yar Filifin ta san magunguna ciki da waje, wanne ke buɗe hanyar iska nan take, wanne ke rage kumburi a hankali, wanne ke sa zuciya gudu. Yarinyar kuwa hannu gare ta. Takan kwance injin gwaji ta mayar da shi kafin mu gama karanta takardar bayani. Ni ce ma'ajiyar lambobi, da an manta wata sai duk su juyo su dube ni. Kowa da abincin da yake kawowa, amma dambun naman da ake aiko mini daga Zariya shi ne ba ya kwana.

Sai dai hadda tana da iyaka, kuma a asibiti na ga iyakar. Mukan je koyon aiki daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, kowane ɗalibi a ƙarƙashin wani tsohon hannu. Tawa wata dattijuwa ce 'yar Jamaika, mai ƙarancin magana, wadda ta fara aikin tun ban shiga firamare ba. Ita ta tsaya a bayana ranar da na fara ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannu. Wannan ba irin ɗibar jinin da aka saba gani ba ne. Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ake nema, tana can ciki, ba a ganinta, sai dai a ji bugunta. Na sa dattijon da zan ɗebi jininsa ya dunƙule hannu, na danne jijiyoyi biyun da ke kai jini hannun har tafinsa ya yi fari, na saki ta ɓangaren ƙaramin yatsa, jini ya dawo cikin daƙiƙoƙi. Wannan ke nuna hannun yana da wata hanyar samun jini ko da wadda za a soka ta samu matsala. Na ɗora yatsu biyu a kan bugun, na karkata allurar. Ina jin numfashinta a kafaɗata. Ba ta taɓa hannuna ba, ta dai ce a hankali, “Kada ki bi idonki, bi yatsanki.” Sai ga jini ja wur yana hawa sirinjin da kansa, yana tafiya da bugun zuciyar mutumin. Na danne wurin minti biyar cur. Da muka fito ba ta ce komai ba, ta miƙo mini takardar majiyyaci na gaba.

Bronx na cikin wuraren da asma ta fi addabar yara a duk Amurka, musamman kudancinta, inda manyan motocin kaya ke kai da kawo dare da rana a kan tituna irin su Cross Bronx. Ɗakin gaggawa ba ya rabuwa da su. Wata rana aka kawo wani saurayi yana haki, ƙirjinsa na fito, ba ya iya haɗa kalma uku. Aka yi ta ba shi magani. Bayan wani lokaci fiton ya ragu, gwajin jini kuma ya nuna iskar kabon 40. A allona, 40 ita ce tsakiyar lafiya. Dattijuwar ta dubi takardar, ta dubi yaron, ta ce a kira likita yanzu, a kuma matso da kayan saka bututu. Daga baya ta zaunar da ni ta warware mini. Mai asma da ke haki yana fitar da kabon da yawa, don haka lambarsa ƙasa ya kamata ta yi, wajen 30 ko ƙasa da haka. Idan ta hau zuwa 40 alhali yana cikin wahala, ƙarfinsa ne ke ƙarewa. Fiton da ya ragu kuma iska ce ta daina wucewa. A hawa na sama kuwa akwai wani tsoho da sigari ta cinye wa huhu, kabon ɗinsa 60, yana zaune yana cin abinci yana kallon talabijin, domin ƙodarsa ta daɗe da tara bikabonet ta daidaita masa jini. A rana ɗaya na ga mai 40 a bakin mutuwa, mai 60 yana neman ƙarin shayi. Tun daga ranar na sauya yadda nake karatu. Kowace lamba na rubuta a allo sai na tambayi kaina: a jikin wa, kuma yana wane hali?

Malamin da ya koya mana injin numfashi da tarihi ya fara. A 1952 annobar shan inna ta auka wa Kofenhagen, babban birnin Danmak, yara suna mutuwa saboda naman da ke jan numfashi ya shanye. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a saka bututu, a riƙa tura iska da jakar roba, kamar yadda maƙeri ke aiki da zugazugi. Babu injinan da za su yi wannan, sai aka ɗebo ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa, suna matsa jaka da hannu dare da rana, makonni a jere. Mace-macen da suka haura kashi 80 cikin ɗari suka sauko zuwa wajen 40. Na riƙe wannan labari saboda ɗalibai ne irinmu, su ma da jarrabawa a gabansu. Ya kuma koya mana binciken da aka wallafa a 2000, wanda ya nuna cewa huhun da ya yi mummunan rauni ba ya son a cika shi. Da aka rage iskar kowane numfashi daga mililita 12 zuwa 6 a kan kowane kilo, mutuwa ta ragu daga kusan kashi 40 zuwa 31. Kilon ma daga tsayin mutum ake lissafa shi, domin ƙiba ba ta ƙara girman huhu.

A lokacinmu, bayan kammala makaranta akwai jarrabawar hukumar ƙasa, NBRC, kashi biyu. Ta farko tambaya 160 ce ta zaɓi cikin awa uku, kuma tana da maki biyu na tsallakewa. Na ƙasa yana ba da shaidar farko, na sama shi ke buɗe ƙofar jarrabawa ta biyu. Ita ta biyun ce dodon kowa: majiyyata 22 a kwamfuta cikin awa huɗu. Za a ce ga wata mata an kawo da kaza da kaza, me za ka duba? Ka zaɓi abin da ya dace ka samu maki, ka zaɓi gwajin da ba shi da amfani ko mai ɓata lokaci a rage maka. Sannan a ce yanke shawara. Abin da ka danna ya dannu, babu komawa baya, kuma labarin zai ci gaba a kan abin da ka zaɓa.

Shirinmu ya faɗo cikin azumin 2017, wanda ya kama daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa a New York sai bayan ƙarfe takwas. Abokan nan nawa uku, babu Musulmi a cikinsu, suka daina buɗe abinci a gabana ba tare da na roƙa ba. 'Yar Filifin ce ke duba agogo ta ce, “'Yar'uwa, lokaci ya yi, sha ruwa.” Daga nan mu ci tare mu koma kan majiyyatanmu na takarda. Ɗaya ya karanta labarin, sauran mu yi gardama. Wani ya ce a ƙara oksijin, wata ta ce a saka bututu, ɗan Haiti ya buga tebur ya ce a fara duba ko bututun da ke ciki bai goce ba. Da yawa sun mutu a hannunmu a shagon wankin nan. Mukan yi shiru, mu koma farkon labarin, mu nemo inda hanya ta ɓace, mu sake. Wannan dama ta sakewa ita ce gatan ɗalibi, kuma a lokacin gajiya ba ta bar mu mun ga girmanta ba. Dukanmu huɗu muka haye. Ana ba da sakamako a wurin, da na karɓi takardata na kira Zariya tun ina kan matakala, Inna ta yi ta guɗa a waya.

A watan Maris na 2020 korona ta mamaye New York. Injinan numfashi suka cika kowane ɗaki, har da waɗanda ba a gina don haka ba. Muka riƙa kifa majiyyata a kan cikinsu don bayan huhu ya samu iska, muna lissafin mililita 6 ɗin nan sau da yawa a kowane dare. Babu mai tsayawa a bayan kowa, domin kowa yana gaban wani gado. Dattijuwar tawa ta yi ritaya kafin lokacin. Sau da dama na ɗora yatsu a wuyan hannun wani, ta cikin safar hannu biyu, ina jin maganarta. Mu huɗu muna asibitoci daban-daban, amma kusan kullum sai mun aika wa juna saƙo, wani lokaci tambayar aiki, wani lokaci don a san kowa na nan da rai.

Yanzu ɗan Haiti ya koma Florida. Yarinyar tana ɗakin bakwaini, inda hannun nan nata ya samu wurin da ya dace da shi. 'Yar Filifin tana aikin dare, ni ina na rana, shi ya sa haɗuwa ke mana wuya ko da muna gari ɗaya. Hajiya 'yar Kumasi tana nan da lafiyarta, ba ta kira ni don numfashi ba tukuna, sai don in zo in karɓi tuwo. Mun sa ranar haɗuwa bayan Babbar Sallah, kuma ɗan Haiti ya riga ya aiko cewa idan babu dambun nama ba zai hau jirgi ba.