Likitan da Ya Sa Dattijon Malami Koyon Harshensa



Da wuya mu zauna a ƙungiyance a tashi ba a taɓo tambayar nan ba: wa zai karanta mu idan muka tsaya a Hausa? Mun ga abokai masu kaifin alƙalami sun koma Turanci saboda ita, wasu kuma sun ajiye rubutun gaba ɗaya. A wannan makon muna so mu duba ta ta hanyar tarihin wani likita ɗan ƙasar Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ake furta sunansa Kahal, mutumin da ya gano yadda ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa ke miƙa wa junansu saƙo.

An haife shi a 1852 a wani ƙaramin ƙauye a arewacin Sifaniya. Tun yana yaro babu abin da yake so irin zane, mahaifinsa kuma likita ne da yake ganin zane aikin shashanci ne. Da ƙiriniyarsa ta yi yawa sai uban ya cire shi daga makaranta ya kai shi koyon aiki wajen mai aski, daga baya wajen mai ɗinkin takalma. Abin da ya sulhunta su shi ne ƙashi: uban ya fara koya masa ƙirar jikin mutum, yaron yana zana ƙasusuwan da ake nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta likitanci a Saragosa, aka tura shi Kyuba a matsayin likitan soja a 1874, ya dawo gida a rame da zazzaɓin cizon sauro. Da ɗan abin da ya tara a wannan tafiya ya sayi madubin likita na kansa a 1877.

A wancan zamani manyan masana sun tafi a kan cewa ƙwaƙwalwa saƙa guda ce kamar komar masunta, duk zarurrukanta a haɗe suke babu yanki, saƙo yana yawo a ciki ta kowace fuska. Dalilin wannan fahimta kuwa, idan ka yanki ƙwaƙwalwa ka saka a madubi, cunkoso kawai za ka gani. Wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya ƙirƙiro wani rini na sinadarin azurfa a 1873. Abin mamaki a rinin shi ne, 'yan ƙwayoyi kaɗan yake kamawa, ya bar sauran, amma wadda ya kama sai ta fito baƙa wuluk tun daga jikinta har ƙarshen rassanta, kamar bishiyar kuka da rani.

Kahal ya fara ganin wannan rini a 1887 a gidan wani abokin aikinsa a Madrid. Ya koma ya gyara yadda ake haɗa shi, sannan ya yi wata dabara: maimakon ƙwaƙwalwar babba, sai ya riƙa duba ta 'yan tsaki da ba su ƙyanƙyashe ba da ta jariran dabbobi, lokacin da jijiyoyin ba su yi kauri sun lulluɓe da kitse ba. Wanda yake son sanin daji, ya je tun itatuwan suna ƙanana. A 1888, yana koyarwa a Basalona, ya duba sashen ƙwaƙwalwar tsuntsaye na wajen ƙeya, ya ga kowace ƙwaya tana da iyakarta. Reshen wata yana zuwa ya rungumi jikin wata, ya tsaya nan, ba su narke sun zama ɗaya ba. Daga baya ya nuna cewa saƙo hanya ɗaya yake bi: gajerun rassa su karɓa, ya ratsa jikin ƙwayar, ya fita ta doguwar jijiya zuwa ta gaba. Ya fahimci haka ne daga matattun yankakkun nama da ba sa motsi, shi ya sa yake saka 'yan kibau a zane-zanensa don nuna inda saƙon ya nufa.

Daga nan labarin ya fara kama da namu. Kimiyyar wancan lokaci da Jamusanci da Faransanci take magana. Masanin Jamus ba ya tsammanin wani abin kirki daga Sifaniya, balle ya karanta harshenta. Kahal ya kafa mujalla da kuɗin aljihunsa a watan Mayun 1888, shi ne marubuci, shi ne mai zane, shi ne mai biyan maɗaba'a. Kwafi 60 yake bugawa, yana aika yawancinsu ga masana a ƙasashen waje. Shiru kake ji. Ya sa aka fitar da wasu maƙalunsa da Faransanci a mujallun Jamus, duk da haka waɗanda suka karanta ba su gaskata ba. Duk wanda ya san yadda iyayenmu a wannan harka, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, suka riƙa buga littattafansu da kansu suna kai wa kasuwa, manyan masana suna yi musu kallon raini, ya san ɗacin wannan shirun.

A watan Oktoban 1889 ya tattara ajiyarsa ya tafi taron masana ƙirar jiki a Barlin, ɗauke da madubinsa da gilasan da ya ɗora yankakkun ƙwaƙwalwa a kai. Faransancinsa ba shi da kyau, saboda haka bai dogara da jawabi ba. Ya je ya jawo Albert von Kölliker, dattijo mai shekara 72 wanda a lokacin maganarsa ce yankan wuƙa a fannin, ya ce ya leƙa da idonsa. Gani ya kori ji. Dattijon ya leƙa, ya gamsu, ya koma ya maimaita aikin a ɗakin bincikensa ya tabbatar. Kamar yadda Kahal ya ba da labari a tarihin rayuwarsa, Kölliker ya zauna ya koyi Sifaniyanci a wannan tsufan don ya karanta ayyukan da ba a fassara ba.

A 1906 aka ba Kahal da Golgi kyautar Nobel tare. Golgi ya tashi a jawabinsa ya soki ra'ayin abokin rabon nasa, ya dage a kan tsohuwar fahimtar koma. Hujjar ƙarshe ba ta zo ba sai bayan Kahal ya rasu a 1934. Masanin Ingila Charles Sherrington ya riga ya raɗa wa mahaɗar ƙwayoyin suna sinas a 1897, Otto Loewi kuma ya nuna a 1921, da zuciyar kwaɗi, cewa jijiya tana iya aika saƙo ta hanyar sinadari. Sai a tsakiyar shekarun 1950 madubi mai aiki da lantarki ya nuna gibin ƙarara, faɗinsa bai kai ɗaya bisa dubu na kaurin gashin kai ba. Yanzu da kake karanta wannan layi, a cikin ƙwayoyi kusan biliyan 86 da ke kanka, wata tana fesa sinadari ta wannan gibi, wata tana karɓa.

Idan muka natsu, amsar da tarihin nan ya ba tambayarmu tana da nauyi a kanmu. Kölliker bai koyi Sifaniyanci don tausayi ko don zaƙin harshen ba. Ya koya ne saboda akwai abin da ke cikinsa wanda babu shi a Jamusanci. To mu mene ne a cikin rubutunmu wanda ba a samunsa a wani wuri? Idan labarinmu kwafin fim ɗin Indiya ne, ko sake dafa littafin da ya yi tashe bara, babu dalilin da zai sa baƙo ya wahalar da kansa, har ma ɗan gida. Amma a unguwanninmu akwai ilimin da babu wanda ya zauna ya dube shi da kyau ya rubuta: yadda marini ke gane baba ta nuna, yadda ungozoma ke karanta ciki da tafin hannu, kalmomin da dillalan kara ke ciniki da su, abin da ke gudana a zuciyar yarinyar da aka cire daga aji huɗu. Waɗannan a Hausa suke rayuwa, kuma duk tsohon da ya rasu da nasa yake tafiya.

Sai kuma abu na biyu, Kahal bai zauna yana jiran a zo a same shi ba. Babban littafinsa kan tsarin jijiyoyi da harshensa ya rubuta shi tsakanin 1899 da 1904, sannan aka fassara shi zuwa Faransanci daga 1909 zuwa 1911. Fassara ba cin amanar harshe ba ce matuƙar asalin aikin ya tsayu a gida. Mu ma muna iya neman masu fassara a cikinmu, mu shiga gasanni irin Hikayata ta BBC Hausa, mu kai aikinmu gaban malaman jami'o'in da muke jin tsoro.

Shawararmu ga kowa a wannan makon ita ce ya zaɓi abu ɗaya ƙarami da ya sani da idonsa, ya koma ya sake dubansa, ya tambayi masu shi sunan kowane ɓangare, sannan ya rubuta shafi biyu ba tare da aron ko jimla ɗaya daga wani littafi ba. Mu kawo su mu karanta wa juna, mu gyara.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.