Gyara Kayanka: Tarihin Porsche 911

Mu da muka saba ganin Peugeot 504 a titunanmu, ba kasafai muke sanin cewa kamfanin nan na Faransa ne ya sa aka sauya wa wata shahararriyar motar gudu suna ba. A shekarar 1963 kamfanin Porsche na Jamus ya nuna sabuwar motarsa a kasuwar baje kolin motoci ta Frankfurt da sunan 901. Peugeot ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce, shi ke nan sai ta koma 911.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, da aibinta aka haife ta. Injinta mai silinda 6, wanda iska ke sanyaya shi, can bayan tayoyin baya aka dasa shi. Nauyi ya taru a gindi, don haka in direba ya shiga kwana da gudu ya ɗaga ƙafa, sai bayan motar ya nemi wuce gabanta. Injiniyoyi suka fara da cusa ƙarfe mai nauyi a bambar gaba, sannan a 1968 suka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da milimita 57.

Duk da haka shugabannin kamfanin suka yanke kauna. A 1977 suka fito da 928 mai inji a gaba, da niyyar ta gaji 911. Peter Schutz, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a 1981, shi ya hana a binne ta da rai. Ikon Allah, magajiyar ce ta riga mutuwa: an daina ƙera 928 a 1995. Ita kuwa 911 aka ci gaba da yi mata gyara, a 1997 aka mayar da injinta mai sanyaya da ruwa, a 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya, inji yana nan baya inda yake tun farko.

Jama'a, mun ga yadda ake saurin yar da abu da zarar an gano aibinsa. Ga mota ta nuna mana cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu haƙurin gyara.