Waldar ƙarfen zubi a Panteka

A shekarun 1990, lokacin ina koyon walda a tsohuwar kasuwar Panteka da ke Kaduna, an taɓa kawo wa maigidana injin niƙa daga wani ƙauye, jikinsa ya tsage yana yoyon ruwa. An riga an kai shi wani wuri an yi masa walda. Ɗinkin yana nan daram, amma sabuwar tsaga ta bi gefensa tun daga sama har ƙasa.

Maigida ya ɗora zarton goge ƙarfe a kan tsohon ɗinkin, zarton ya zame bai ci komai ba. Ya ce wa mai injin, "Alhaji, wannan da sandar waldar ƙofa aka yi shi. Ƙarfen ba ɗaya ba ne."

Sandar da yake nufi ita ce 6013, wadda muke haɗa ƙofofi da tagogi da ita. Ƙarfenta mai laushi ne, sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Jikin inji kuwa ƙarfen zubi ne, kabon ɗinsa kashi 2 zuwa 4. Idan aka narka su wuri guda, sai ɗinkin ya sha kabon ya yi tauri kamar gilashi. Yana hucewa yana tsukewa, yana jan ƙarfen da ke gefensa, shi kuma ƙarfen zubi ba ya miƙewa, sai dai ya fashe. Maigida bai yi boko ba, amma duk wannan yana hannunsa. Sai da na shiga makarantar fasaha na ji sunayen abubuwan da na riga na gani da idona. 

Maigida ya aike ni in sayo sandar nikel, wadda saboda tsada ɗai-ɗai ake sayar da ita. Nikel ba ya taurara idan ya gamu da kabon, yana ba da kai idan an ja shi.

Aikin ya cinye mana yini. Da farko ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Ya gurje tsohon ɗinkin kaf, ya buɗe bakin tsagar. Muka hura gawayi muka gasa ƙarfen gaba ɗayansa, a hankali, har maiƙon da ya sha shekara da shekaru ya riƙa fitowa yana hayaƙi. Sannan ya fara: ya ɗinka kamar tsawon gaɓar yatsa, ya ajiye, ya ɗauki ƙaramar guduma ya bubbuga wurin tun yana da zafi don ɗinkin ya baje, ya koma wani gefen. Alhaji ya ƙosa, ya ce a watsa ruwa ya huce su kama hanya. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, in ruwa ya taɓa shi, kuɗinka sun tafi."

Muka binne shi cikin toka mai ɗumi ya kwana. Washegari muka tono shi, maigida ya shafa alli a bayan ɗinkin, ya zuba kananzir ta ciki, domin kananzir yana bin kafar da ruwa ba ya bi. Muka jira har azahar, allin bai jiƙe ba. Ya sa muka ɗaure masa kayansa, aka tayar da shi a gaban Alhaji kafin a loda shi a mota.