Saƙa biyar cikin akwati, jinjiri babu hula

Yau maganar saƙa za mu yi. In kina da kwarashi ko tsinken saƙa cikin ɗaki, wagga magana taki ce. In kuwa kai ne maigida ke riƙe da jaridar ga, ka karanta ma uwargida da ƙarfi, don kuɗin zare daga rumbu guda suke fitowa da kuɗin cefane.

Ga tambayata: saƙa nawa kinka soma wadda ba ki ƙare ba? Kar ki amsa da ka. Ki tashi ki buɗe akwati, ki duba ƙarƙashin gado, ki leƙa cikin kwanoni na jere. Wataƙila ki iske hula babu baki, safa ƙafa guda, rigar sanyi mai hannu ɗaya. In haka ne, ba ke ɗai ba ce.

Ni malamar karatun manya ce, kuma ina saƙa tun ina makarantar horon malamai. Wata rana da munka gama karatun ƙidaya, na roƙi matan ajinmu kowace ta kawo gobe duk saƙar da ta aje ba ta ƙare ba. Mu 14 ne. Da munka baza su bisa tabarma munka ƙirga, 41 munka samu. Da farko an yi ta dariya. Daga baya ɗaki ya yi tsit, don kowace ta soma lissafin abin da ta kashe.

Mu yi wanga lissafi tare. A ce kina da saƙa 6 da ke kwance, kowace ta ci dunƙulen zare 3. Dunƙule 18 ke nan. A ce kowane dunƙule dala 100 kinka saye shi. Dala 1800 ke nan, watau jika 9. Ki tambayi kanki tiya nawa ta hatsi jika 9 za ta auno maki ran kasuwa. Wanga kuɗi shina nan cikin akwatinki, ba a ci ba, ba a sa ba, ba a saida ba. In kuma daga asusun mata kinka ranto shi, irin na Mata Masu Dubara da anka soma a jihar Maraɗi a 1991, kin san ranar biya ba ta jiran saƙa.

Don mi saƙa ke tsayawa?

Na daɗe ina tunanin wanga abu. Ki dubi masaƙi na gargajiya. Shi zarenshi guda ne, dogo, ɗaure ga kunkuru can nesa da shi. Ba shi iya soma wani zane sai ya jawo kunkuru har gabanshi ya yanke. Kayan aikin da kansu ke hana shi rarraba hankali. Mu kuwa tsinke biyu ne ko kwarashi guda. Ana zare shi daga wagga saƙa a soma wata kafin tukunya ta tafasa. Somawa ta yi sauƙi ƙwarai, shi ya sa ƙarewa ke ba mu wuya.

Amma da na tambayi matan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, ban samu wadda ƙiwuya ta tsaida ba. Kowace tana da dalili.

Dalili na farko, zare ya ƙare, an koma kasuwa ba a samu irinshi ba. Zare ba a rina shi duka rana guda. Ko launi ɗaya ne, rinin bana da na bara suna iya bambanta, kamar yadda baba ba ta kama zane biyu daidai. Kuma kayan kasuwarmu da yawa ta iyakar Nijeriya suke shigowa. Kin tuna an rufe iyakar daga Agusta 2019 har Disamba 2020, an sake rufe ta a 2023 har Maris 2024. Mai saƙar da ta sayi rabin zare tana cewa za ta cika gaba, ta sha jira.

Dalili na biyu, damana. Daga ruwan shuka har a kai hatsi rumbu, hannun macen ƙauye ba nata ba ne. Ga gona, ga kai abinci daji, ga ruwa, ga icce. Saƙar da anka aje cikin watan Yuni, sai Nuwamba ake tuna ta. Kafin nan an manta ido nawa anka ɗora, an manta layin da anka tsaya.

Dalili na uku, sabon yayi. Kin ga wata riga jikin ɗiyar maƙwabciya wurin suna, ko an nuna maki hotonta cikin waya. Zuciya ta biya. Kin aje ta hannu kin soma sabuwa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa muna son tauna biyar.

Dalili na huɗu, kuskure can ƙasa. An yi layi 30 kana anka ga ido ya kuɓuce a layi na 8. Warwarewa da ciwo, ci gaba da muni. Sai a naɗe a tura akwati.

Yaro ba shi jiran tsinke

Abin da ya fi damuna shi ne kayan jinjiri. Zane in ya kwana shekara cikin akwati, zane ne. Hular jinjiri ba haka take ba. Kan jinjiri ranar haihuwa, in an auna kewayenshi, wajen santimita 35 ne. Da wata 6 ya kai wajen 43. Da shekara guda ya kai wajen 46. Nauyinshi kuwa shina ninkawa biyu wajen wata 5, shi ninka uku da shekara. Hular da kinka soma kina da ciki, in ta wuce wata 3 cikin akwati, ba ta shiga kanshi kuma.

Kuma lokacin buƙata gajere ne. Ɗari na gaske daga Disamba ne zuwa Fabrairu. Cikin Janairu, a Maraɗi da Damagaram, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Cikin Afrilu zafin rana yakan wuce 40, babu mai neman rigar sanyi. Sabon haihuwa ba shi iya riƙe ɗumin jikinshi kamar babba, kanshi kuma babba ne bisa ga jikinshi, ta nan ɗumi ke saurin fita. Shi ya sa ungozoma a likita ke cewa a goge shi, a kwantar da shi bisa ƙirjin uwa, a rufe mashi kai. Hula guda da anka ƙare ta fi mashi riga 5 da ke jiran hannu.

To, mi za a yi?

Ga yadda munka yi a ajinmu, kuma shi nike yi a gida kowace shekara in kaka ta yi.

Ki fito da su duka bisa tabarma, da rana, inda kike gani sosai. Ki kakkaɓe ƙura. Ki duba ko gara ta taɓa, ko kusu ya yi gida ciki, ko tsinke ya yi tsatsa ya ɓata zare. Kana ki kasa su kashi uku.

Kashi na ɗaya, waɗanda za ki ƙare. Cikinsu ki sa na mutane gaba. Wadda ta ba ki zarenta ko rabin kuɗi, amana ta ba ki. Tana gaishe ki a rijiya tana murmushi, amma tana ƙidayar watanni. In ba za ki iya ba, ki je da ƙafarki ki maida mata zarenta da kuɗinta. Kunyar rana guda ta fi ta shekara sauƙi. Bayan na mutane, sai wadda ta fi kusa da ƙarewa. In kinka ga guda ta fita daga hannunki, ƙarfin yin ta biyu zai zo.

Kashi na biyu, waɗanda za ki warware. Wadda mai ita ya girme ta, wadda kuskurenta ya yi yawa, wadda ko kin ƙare ba ki son ganinta. Wata tsohuwa cikin ajinmu ta ƙi yarda da farko. Ta ce mani: "Malama, wahalar dare nawa za ni kwance?" Na ce mata: "Inna, wahalar ta riga ta wuce, zaren ne ya rage, shi za mu ceto." Ta yi shiru, kana ta ja bakin zare da kanta. Cikin kwana 10 rigar da ba ta ƙaru ba shekara 2 ta zama hula 3 na jikokinta.

Zaren da anka warware yakan yi ƙudundune. Ki naɗe shi bisa bayan kujera ko ƙafafun turmi biyu da anka kife, ki ɗaure shi wuri 4 don kar shi sarƙe. Ki jiƙa shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi, ki matse a hankali, ki rataye cikin inuwa. In ya bushe ki dunƙule. Ki lura: yawancin zaren kasuwa na roba ne. Ba shi son tafasasshen ruwa, ba shi son dutsen guga, kusa da wuta kuma narkewa yake.

Kashi na uku, waɗanda za ki bayar ko ki musanya. Akwai mai son soma riga amma haɗa hannu ke gagarar ta. Akwai wadda haɗawa ba ta yi mata wuya. Akwai mai ragowar jan zare, wata kuwa ja take nema. Ranar da munka baza tabarma, saƙa 7 sunka sauya hannu, babu wadda ta fidda ko dala. Ragowar zare kuma ba a yar da shi. Ki saƙa ƴan murabba'i masu faɗi ɗaya, ki ɗinke su, ki samu bargon goyo. Ko ki yi hula mai zobe-zobe, launi bisa launi.

Akwai wata iri da ba ta shiga kashi ukun nan. Ranar, wata mata ta fito da ƴar riga fara, saura wuya kawai. Ba ta ce komi ba, mu ma ba mu tambaya ba, don duk mun je gaisuwa gidanta bara. In kina da irin wagga cikin akwatinki, ƴar uwa, babu mai matsa maki. Ki aje ta muddin zuciyarki na so. In ranar ta zo da kinka ga za ki iya, ki ba wata ta ƙarasa, a kai ma jinjirin da ba shi da ko ɗaya. Allah shi jiƙan waɗanda sunka riga mu.

Ƴar takarda da tsinke

Nan ne karatunki zai yi maki rana. Duk saƙar da za ki aje, ko ta kwana 3 ce, ki yanki ƴar takarda ki rubuta abu biyar: ta wane ne, ranar da kinka soma, lambar tsinke ko kwarashi, ido nawa kinka ɗora, layin da kinka tsaya. Ki soke takardar jikin saƙar. Takardar da ke naɗe da dunƙulen zare ma kar ki yar. Bisa gare ta akan rubuta nauyi, giram 50 ko 100, da lambar launi, da lambar rini. In kinka je kasuwa da ita, mai kanti ba shi ba ki wani ya ce shi ne. In kina son tsinken don wani aiki, ki zura zare mai wani launi cikin idanun duka ki ɗaure, kana ki zare tsinke. Ido ko ɗaya ba shi kuɓucewa.

Ga ƙa'idata kuma: saƙa biyu ɗai nike riƙewa. Guda ƙarama, wadda ba ta son ƙidaya, tana cikin jakata. Ita nike yi wurin jiran awon yara, ko wurin injin niƙa, ko cikin mota. Guda babba tana gida, sai hankali ya kwanta. Ta uku ba ta hawa tsinke sai ɗaya ta sauka. In na ga sabon yayi, nakan zana shi cikin littafina, shi jira layinshi. Zare kuma ba ni somawa sai na sayi wanda zai kai ni ƙarshe, rini guda, rana guda. In kuɗin bai kai na riga ba, hula nike yi.

Kar ki ce ba ki da lokaci sai kin gwada wanga. A ce hula layi 40 ce. Layi 4 kowace rana, bayan la'asar ko kafin barci, kwana 10 ke nan. Cikin wata guda hula 3. Ba a fafe gora ranar tafiya: saƙar ɗari da kaka ake kama ta, da an gama ɗaurin hatsi.

Kai kuma maigida, in ka ga ta baza zare bisa tabarma tana kwance abin da ta saƙa, kar ka ce ɓarna take yi. Ka riƙe mata zaren bisa hannuwanka ta dunƙule, ko ka ɗauke mata yaro na ɗan lokaci.

Ƴar uwa, ran karatu mai zuwa ki gaya ma malamarku ku sa rana, kowace ta kawo nata. Ku ƙirga, ku rubuta adadin bisa allo. Bayan wata guda ku sake ƙirgawa, ku aiko mana da lamba ta farko da ta biyu mu buga cikin jarida, matan wasu garuruwa su gani. Allah shi ba mu ikon ƙare abin da munka soma. Amin.